Ɗumame da Ɗanwake a Nguru da Gashuwa

Kafin rana ta fito a Nguru, hayaƙi ya riga ya tashi a madafa. Uwargida ta ɗora tukunyar miyar kukar jiya, ta warware malmalar tuwon da ya kwana, ta yanyanka shi cikin tafasasshen ruwa, ko ta jefa shi cikin miyar kai tsaye. Wannan shi ne ɗumame. Da shi yara ke karyawa kafin makaranta, shi ake zuba wa almajirin da ya yi sallama, kuma da azumi gidaje da yawa da shi suke sahur.

Aikin tun dare yake farawa. A watan Afrilu zafi a nan yakan haura digiri 40, don haka miyar da aka bari haka nan takan yi tsami kafin asuba. Sai a sake tafasa ta bayan isha'i, a rufe, a hana kowa tsoma cokali. Masu ɗumame sun ce miyar da ta kwana ta fi daɗi, kuma suna da gaskiya: daddawa ta ratsa ta, bandar kifin fadamar Haɗeja da Nguru ta saki jikinta. Da hunturu kam, sanyin dare ne firjin talaka.

Ɗanwake bai da wannan haƙuri. Garin wake da na rogo, kuka da ruwan kanwa, a kwaɓa a riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa. In ya taso ya nuna, a tsame a ruwan sanyi, a ci da mai da yaji. In ya kwana sai ya ƙandare. Shi ya sa matan Gashuwa garin suke ajiyewa, su dafa na ci ɗaya.

Yahudawa ma na da irin nasu ɗanwaken, kneidlach, curin garin burodi marar yisti da ƙwai da kitsen kaza, wanda ake ci cikin romo a idin Pesach. A Amurka sukan jera shi a faranti ya daskare a firiza, su ɗure a leda, ranar buƙata su jefa cikin romo mai zafi.

Firiza ta shigo Nguru da Gashuwa, musamman mai aiki da sola, amma ta fi yin aikin ƙanƙara da zoɓo da naman layya. Miya takan samu gurbi a ciki. Tuwo kuwa yana nan cikin leda a kula, yana jiran wutar asuba.