Damfarar Waya da Satar Suna: Yadda Mutum Zai Tsare Dukiyarsa

Tun daga shekarar 2014, sa'ad da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar shaidar masu ajiya a banki ta BVN, har zuwa ƙarshen 2020, lokacin da hukuma ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, al'amarin mutum duka, da sunansa da ranar haihuwarsa da ajiyarsa, ya tattaru a cikin waɗansu lambobi 11 da ɗan katin da ke cikin wayarsa. Haƙiƙa wannan tsari ya sauƙaƙa mu'amala, amma kuma ya buɗe wa ma'abota zamba ƙofa, domin wanda ya mallaki sirrin waɗannan lambobi yana iya shiga rigar mai su, ya ci bashi da sunansa, ya kwashe abin da ya tara, alhali shi bai sani ba.

Galibin 'yan damfara ba su da ikon fasa banki, saboda haka mai asusun suke lallaɓa har ya miƙa musu mabuɗi da hannunsa. Sai a kira mutum da murya mai ladabi, a ambaci cikakken sunansa don ya sakankance, a ce masa, "Ranka ya daɗe, daga banki ne, BVN ɗinka ya sami matsala, in ba a gyara yanzu ba za a rufe asusunka." Idan tsoro ya kama shi, sai a nemi lambobin da ke fuskar katinsa na ATM, da guda 3 da ke bayansa, daga bisani a ce ya karanto lambar OTP da ta shigo masa. Ita kuwa wannan lamba, banki ne ya aiko ta domin ya tabbatar mai kuɗin ne da kansa yake fitar da su, don haka wanda ya karanta ta ga wani ya riga ya ba da izinin a ɗebe dukiyarsa.

Wanda tsoro bai kama ba, sai a biyo masa ta kwaɗayi, a turo saƙon tallafin gwamnati ko ɗaukar aiki ko kujerar Hajji, tare da wurin da zai latsa, wanda zai kai shi shafin jabu mai kama da na gaskiya. Waɗansu kuma lambobi 6 na WhatsApp suke nema, da zarar sun same su sai su ƙwace shafin, su shiga roƙon 'yan'uwa da abokai rance da sunan mai shi.

Maganin wannan fitina shi ne natsuwa da riƙe sirri. Babu bankin da ke tambayar PIN ko OTP ta waya, duk wanda ya tambaye ka kuwa, ko da ya rantse, katse kiran ka tafi reshen bankinka da ƙafarka. Ka sa wa layinka lambar sirri, domin ɓarawon waya ya fi bukatar katin layin fiye da wayar. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Ka rufe hannunka yayin danna PIN a wurin mai POS. Idan kuma ɗan'uwa ya nemi rance ta saƙo, kira shi ka ji muryarsa.

In ƙaddara ta afka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Gaggauta sa banki ya toshe asusun, kamfanin waya ya rufe layin, sa'an nan ka kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, domin dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan wannan ha'inci. Wajibi ne kuma ga wanda Allah ya ba ilimin abin ya karantar da iyayensa da maƙwabtansa, musamman dattawa da waɗanda ba su iya karatun boko ba, tun kafin mazambaci ya riga shi kiransu.