Daga Ƙofar Kabuga Zuwa Burmi: Tarihin Da Sai An Taka Ƙasa Ake Fahimtarsa

Bahaushe ba baƙon hanya ba ne, kuma harshensa kansa shaida ne a kan haka. Muna da fatauci, muna da ci-rani, muna da ƙaura da hijira da ziyara da yawon almajiranci, kowace kalma da irin tafiyar da take nufi da kuma dalilin da ya fitar da mai ita daga gida. Auta a cikinsu ita ce yawon buɗe ido, kuma tun da ta shigo muka sallama ta ga Turawa da masu hannu da shuni da ke hutu a Dubai ko Alƙahira. Abin da nake so in jawo hankalin mai karatu gare shi a yau shi ne wata tafiya ta ƙasa da ba ta buƙatar biza ko kuɗin jirgi, wadda kuma a ganina ya kamata duk ɗan boko na Arewa ya yi ta ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa.

A ƙasashen Turai al'ada ce matashi ya saɓa jakar goyo, ya bi jirgin ƙasa da motocin haya daga wannan tsohon birni zuwa wancan, yana yada zango a filayen da kakanninsa suka gwabza yaƙi. A garin Ypres na ƙasar Beljiyam akwai Ƙofar Menin, wadda aka buɗe a 1927, aka rubuta sunayen sojoji fiye da 54,000 a jikinta, waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a san inda gawawwakinsu suke ba. Tun daga 1928 ake busa ƙaho a ƙarƙashinta kullum da ƙarfe 8 na dare, in ban da shekarun da Jamus ta mamaye garin a Yaƙin Duniya na Biyu. Yaran makaranta na zuwa da malamansu su tsaya su saurara. Ban kawo wannan misali don mu kwaikwayi busa ƙaho ba. Na kawo shi ne don a ga yadda al'umma ke ɗaure abin da ya faru da wurin da ya faru, ta yadda mantuwa ba za ta sami ƙofar shiga ba.

Mu ma muna da irin waɗannan wurare, kuma suna jere a kan hanya guda, tamkar an tsara su don matafiyi. Ina nufin filayen yaƙin 1903, shekarar da Daular Usmaniyya ta faɗa hannun Turawan Ingila. Na bi wannan hanya a shekarun baya, zango-zango, a motocin haya, da jaka ɗaya da littafin rubutu. Na fara daga Kano na yi yamma zuwa Sakkwato kamar yadda rundunar Turawa ta yi, sannan na juyo gabas kamar yadda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi.

Zangon farko shi ne Ƙofar Kabuga. Ta nan sojojin Kanar Morland, waɗanda suka taso daga Zariya, suka kutsa cikin birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, a lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato da mafi yawan mahayansa. Rundunar da ta ci birnin ba ta kai mutum dubu ba. Wani abin da littattafan firamare ba su cika faɗa ba shi ne, Turawan cikinta 'yan ƙalilan ne, sauran duk baƙar fata ne, da yawansu ma da Hausa suke magana. A yau dubban ɗalibai da ma'aikata ke ratsa Kabuga safe da yamma a kan hanyarsu ta zuwa jami'a. Da za a tsayar da su a tambaye su abin da ya faru a wannan wuri, mutum nawa ne za su ba da amsa? Wanda ya zagaya abin da ya rage na ganuwa da ƙafa, ya ga kaurinta da tsawonta, shi zai gane dalilin da ya sa mutanen birni suka amince da ita, ya kuma gane irin girgizar da ta same su ranar da igwa ta nuna cewa zamanin ganuwa ya wuce.

Daga Kano sai Kwatarkwashi, gab da Gusau, inda duwatsu suka yi wa hanya rumfa. A wannan yanki ne, a ƙarshen watan Fabrairu na shekarar, mayaƙan Kano da ke dawowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi karo da wani ɓangare na rundunar Turawa. Sun kai hari a kan dawaki sau da dama, harsashi yana zubar da su, Wazirin kansa ya kwanta dama a nan. Hafsan da ya jagoranci ɗaya ɓangaren, Laftanar Wallace Wright, ya sami lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila saboda wannan rana, kuma har yau sunansa na cikin kundinsu. Mahayan da suka faɗi tare da Waziri kuwa, sunayen mafi yawansu sun bi iska.

A Sakkwato an yi arangama ranar 15 ga Maris a filin Giginya, a bayan ganuwar birni, kuma ba a daɗe ana fafatawa ba bindiga mai ruwa ta raba gardama. A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda sunan ya rayu alhali labarin ya dusashe. Akwai filin wasa na Giginya, akwai barikin soja na Giginya, akwai otal mai wannan suna. Yaro ya taso yana jin kalmar kullum, a wurinsa sunan itaciya ce ko sunan wurin kallon ƙwallo. Haka sunayen wurare suke: sukan riƙe amanar tarihi shekaru aru-aru, amma ba sa buɗe baki sai an tambaye su.

A wannan rana ce shugabannin daula suka rabu gida biyu a kan tambayar da ta fi kowace nauyi. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira zuwa gabas. Waziri Buhari ya zaɓi ya zauna ya yi sulhu don kada jama'a su rasa mai tsaya musu, daga baya ma ya rubuta wasiƙa ga malamai yana bayyana hujjojinsa. Mai karatu zai iya karanta ɓangarorin biyu a ɗakin karatu, amma sai ya tsaya a filin, a cikin zafin watan Maris, ya dubi gabas ya tuna cewa da mata da yara da tsofaffi za a yi tafiyar, sannan zai daina gaggawar yanke wa ɗayansu hukunci.

Kafin matafiyi ya bar Sakkwato, akwai wani wuri da ke kudu da birnin, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai, wanda ba a cika son ambatonsa ba, wato Satiru. A watan Fabrairu na 1906 talakawa da bayin da suka gudo suka yi tawaye a nan, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. A watan Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000, kuma a wannan karo mahayan sarakuna suna gefen Turawa. Ba a sake gina garin ba. Tafiyar da ta tsallake Satiru ta zama yawon yabon kai. Al'ummar da ke son sanin kanta dole ta tsaya a inda ta yi jarunta, ta kuma tsaya a inda tarihinta ke da ɗaci.

Sai doguwar hanya zuwa gabas. Daga Sakkwato zuwa Burmi, kusa da Bajoga a Jihar Gombe ta yau, ya haura kilomita 800 a kan kwalta. Ni da ke zaune a mota, ina sauka tasha ina shan ruwan sanyi, sai da jikina ya gaya mini. Attahiru da jama'arsa sun yi ta a ƙafa da kan dabbobi, cikin bazara, ana bin sawunsu da bindiga. Duk da haka, ko'ina suka ratsa sai manoma su ajiye fartanya su bi ayari, har abin ya tayar wa Turawa da hankali, domin garuruwa sun soma zama kango. Taswira ba ta iya nuna wannan. Nisan da ido ke gani a takarda tsawon ɗan yatsa ne, amma wanda ya bi shi a ƙasa zai tambayi kansa: wane irin yaƙini ne ke sa mutum ya bar gonarsa gab da faɗuwar damina ya bi hanyar da bai san ƙarshenta ba?

A Burmi an gwabza sau biyu. A karon farko, cikin watan Mayu, mutanen garin sun kori Turawa. A karo na biyu, ranar 27 ga Yuli, 1903, kwana 134 bayan Giginya, aka yini ana yaƙi, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, kwamandan Turawa Manjo Marsh shi ma ya mutu. Kaburburan mutanen biyu suna wannan wuri har yanzu. Ko rubutun sunan garin ba mu daidaita a kai ba, wani ya rubuta Burmi, wani Bormi, wani Mbormi. Manyan motoci na zirga-zirga kullum zuwa Ashaka da ke maƙwabtaka don ɗaukar siminti, amma ƙalilan ne daga cikinmu suka taɓa ratsewa don ganin inda aka rufe babin ƙarshe na daular da muke alfahari da ita a kowane taro. Waɗanda suka tsira sun ci gaba da tafiya ƙarƙashin ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, har ƙasar Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu kusa da Sinnar, kuma zuriyarsu na can.

Na san mai karatu zai ce ina maganar tsaro? Gaskiya ne, hanyar da ta ratsa Zamfara da wasu sassan Sakkwato ta zama abin tsoro a shekarun nan saboda 'yan bindiga, kuma ba zan shawarci kowa ya jefa kansa cikin halaka don ganin kufai ba. Sai dai wannan ma wani dalili ne na gaggawa. Dattawan da suka ji labarin daga bakin waɗanda suka gani da ido suna ƙarewa, ƙauyukan da ke riƙe da labarin suna watsewa. Kano da birnin Sakkwato da Gombe kuwa ana zuwansu, ana iya farawa da su.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Gwamnatocin jihohin da abin ya shafa su kafa allo a kowane fili, da Hausar boko da ajami da Turanci, mai ɗauke da kwanan wata da taƙaitaccen bayani. Sassan tarihi da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu su mayar da irin wannan tafiya wani ɓangare na karatu, ɗalibai su naɗo muryoyin dattawa, su tattara sunayen waɗanda suka faɗi daga bakin zuriyarsu. Mu kuma iyaye, a cikin hutun da muke kashe maƙudan kuɗi a kansa, mu ware kwana uku mu kai 'ya'yanmu. Wanda ya je ya soma da gaida dagaci ko mai unguwa, ya nemi a haɗa shi da wanda ya san wurin, ya sallami ɗan rakiyarsa da abin kirki, ya kuma tuna cewa maƙabarta ya shiga.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Shekaru fiye da 120 ke nan muna jin labarin 1903, akasari daga rahotannin waɗanda suka ci mu da yaƙi. Filayen suna nan inda aka bar su, hanyar ma tana nan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a cikinsu, Ya kuma dawo mana da zaman lafiyar da za mu ziyarce su hankali kwance.