Piyanon lantarki: wace lasifika ta dace da makaɗi?

Piyanon lantarki ya rage wa makaɗa ɗawainiya, amma muryarsa ba ta cika zauren biki sai da lasifika. A nan ne mai saye kan tafka hasara, in ya dogara ga yawan wat ɗin da aka rubuta bisa kwali.

Cikakken piyano yana da maɓalli 88, sautinsa kuwa daga hertz 27 da rabi yake farawa har ya zarce 4000. Ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da kakkauran sautin ƙasa, shi ya sa kiɗan hannun hagu ke fitowa a shaƙe. Saboda haka wajibi ne makaɗi ya gwada ta da piyanonsa kafin ya biya kuɗi.

Wajen nauyi, Bose S1 Pro, wadda ta fito a 2018, da Roland KC-220 kowace kusan kilo 7 ce. Dukansu suna aiki da batir, abin da ke fidda makaɗi kunya in wuta ta ɗauke ana tsakiyar shagali.

Haɗi kuma da waya ya kamata a yi shi, domin Bluetooth na jinkirta sauti: yatsa ya buga, kunne ya tsaya jira. In fili babba ne, sai a kafa lasifika biyu bisa sanduna, sama da kawunan jama'a.