Gargaɗi ga Matasan Moshi Zango Masu Shirin Gudun Fanfalaki

'Yan'uwana matasa masu fita gudu bayan sallar Asuba, daga Moshi Zango zuwa filin wasa na Baba Yara, ku saurara tun kafin wani ya faɗi a titi. Ra'ayin cewa atisayen da bai sa mutum haki kamar zai shiɗe ba bai cika atisaye ba yana yaɗuwa a tsakaninmu, kuma yana lalata jiki.

Gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne. Abin da ke kai mutum ƙarshensa shi ne dogon gudu a hankali, wanda za ka iya hira da abokinka kana yinsa. Shi ke ƙarfafa zuciya da jijiyoyi, ya koya wa jiki tattalin ƙarfi. Gudun wuta mai ɗan hutu a tsakani, kamar mita 800 sau shida, yana ƙara sauri, amma tsoka da ƙashi na bukatar kwana biyu su farfaɗo bayansa. Ko Eliud Kipchoge na Kenya, da ya gama gudun fanfalaki cikin sa'a 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Berlin a 2022, mafi yawan gudunsa na mako a hankali yake yinsa.

Saboda haka kada gudun wuta ya wuce sau biyu a mako, sabon shiga kuwa sau ɗaya ya ishe shi. Dogon gudu sau ɗaya, a riƙa ƙara nisansa kaɗan-kaɗan. Kada a jera gudun wuta da dogon gudu rana bayan rana. A ware rana guda ta hutu.

Ciwon ƙwauri da ya tsaya wuri ɗaya yana iya zama tsagewar ƙashi. Mai danne shi da tramadol ko diclofenac don ya ci gaba da gudu yana cutar da kansa, diclofenac kuma yana taɓa ƙoda idan jiki ya rasa ruwa, musamman a zafin Fabrairu da Maris. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan gudu, ko ya ji jiri ko ciwon ƙirji, ya tsaya, a kai shi asibitin Komfo Anokye a ranar. Mai ɗauke da ƙwayar sikila ya ga likita kafin ya fara.

Shugabannin ƙungiyoyin motsa jiki, ƙannenmu amana ne a hannunku. Ku gyara jadawalinku tun wannan makon.