Bankok: Birnin da araha ke yi wa baƙo tsada

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Bayan kwanakin da na yi a Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, sai na ga maganar tana bukatar ƙari: ya danganta da wanda aka tambaya, da kuma wanda ya fara tare ka da amsa alhali ba ka tambaye shi ba.

A shekarar 2019 ƙasar ta karɓi baƙi kusan miliyan 40. Cikinsu akwai wani rukuni na matasa masu yawon duniya da jaka goye a baya da guzuri kaɗan a aljihu. Matattararsu ita ce titin Khao San, wanda tsawonsa bai wuce kimanin mita 400 ba. Kasuwar shinkafa ce a da, kafin ta rikiɗe ta zama unguwar masaukai masu rahusa tun daga shekarun 1980.

Abin da ya kawo su yana nan kusa. Akwai Babbar Fada da Sarki Rama na Ɗaya ya aza harsashinta a 1782, sai wurin ibada na Wat Pho mai mutum-mutumin Buddha a kishingiɗe, tsawonsa mita 46, sannan Wat Arun a tsallaken kogin Chao Phraya. A hanyar zuwa waɗannan wurare ne ake ɗana tarkon.

Wata baiwar Allah da muka sauka masauki ɗaya ta ba ni labarin yadda wani mutum mai shigar kamala ya tare ta daf da fadar, ya ce yau a rufe take saboda wani biki. Nan take ya kira mata tuk-tuk, keke mai ƙafa uku irin A Daidaita Sahu, wai za a zaga da ita gari a kan baht 20 kacal. Yawon ya ƙare a shagon duwatsun ado da na tela, inda direban ke karɓar la'ada a kan kowane baƙo. Ta dawo da zobe na kuɗin abincinta na mako biyu, fadar kuwa a buɗe ta wuni. Wannan damfara ta tsufa har an gaji da gargaɗi a kanta, amma tana ci, domin ba ƙarfi ake nuna wa mutum ba, kwaɗayin arahar da ke ransa ake taɓawa.

Sauran tuntuɓen na rashin sani ne. Wanda ya je fadar da gajeren wando, ƙofa za ta mayar da shi. Wanda ya shiga tasi bai ga an kunna mita ba, ya shirya ciniki a ƙarshen tafiya. Wanda ya zarce wa'adin bizarsa zai biya tarar baht 500 a kowace rana. Mafi haɗari shi ne sakin baki a kan gidan sarauta, domin sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15.

Abin lura, mai karatu, shi ne birnin ya tanadi hanyoyin da ba su bukatar dillali. Jirgin ƙasa mai bi ta sama ya fara aiki a 1999, na ƙarƙashin ƙasa a 2004, kuma a 2019 aka buɗe tashar Sanam Chai kusa da Wat Pho. Jiragen ruwa na haya suna kai da komo a kogin, ga kuma 'yan sandan kula da baƙi a lamba 1155.

A ganina, talaucin matafiyi ba shi ke jefa shi rami ba, tunda masu kuɗi ma suna faɗawa. Gaggawa ce, da son samun da yawa a kan kaɗan. Duk mai niyyar zuwa, ko yawo ne ko sarin tufafi a kasuwar Pratunam, ya riƙe abu guda: ya isa ƙofar wurin da kansa ya gani kafin ya yarda an rufe, kuma duk farashin da ya yi daɗin da ya wuce hankali, to akwai inda za a fanshe shi.