Ciwon Kangon Hanci: Matsalar da Kan Biyo Bayan Tiyatar Hanci

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi bayanin wata larura da kan sami wasu mutane bayan an yi musu tiyata a hanci, mu kuma nuna hanyar da ta kamata a bi wajen neman magani. Likita Eugene Kern da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka ne suka laƙaba mata suna a shekarar 1994. Mu a nan mun kira ta ciwon kangon hanci.

2.0 Asalin Ciwon

A cikin kowace kafar hanci akwai ƙananan ƙasusuwa naɗaɗɗu guda 3, lulluɓe da tattausan nama mai laima. Aikinsu shi ne ɗumama iskar da muke shaƙa, da jiƙa ta, da tace ƙura. Idan suka kumbura har suka toshe hanci, likita kan rage su. In ragin ya yi yawa, sai hanci ya zama kango, jijiyoyin da ke jin sanyin iska su lalace, ƙwaƙwalwa ta daina samun labarin shigar iska. Saboda haka ne majinyaci kan ji hancinsa a toshe, alhali kuwa a buɗe yake.

3.0 Zama da Ciwon

Alamominsa sun haɗa da bushewar hanci, da ɓawo, da zafi, da jin kamar ana shaƙe mutum, da rashin barci. Iskar hunturu kan tsananta bushewar. Abin da ya fi ƙuntata wa majinyaci shi ne, idan aka leƙa hancin ba a ganin toshiya, sai a ce masa tunani ne kawai. Wannan kan ƙara masa damuwa, wadda ita ma tilas a yi mata magani.

4.0 Neman Ƙwararru

Wajibi ne majinyaci ya je ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ɗauke da takardun tiyatarsa ta farko. Akwai jerin tambayoyi 6 da masana na Jami'ar Sitanfod suka tsara domin auna ciwon. Akwai kuma gwajin auduga, watau a sa jiƙaƙƙiyar auduga a gurbin naman da aka cire na ɗan lokaci. In numfashi ya yi daɗi, to, akwai alamar dasa guringuntsi a wurin zai yi amfani. Kafin a kai ga haka, akan fara da wanke hanci da ruwan gishiri wanda aka tafasa ya huce, da kuma ƙara laima a ɗaki.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa naman da aka cire ba ya tsirowa, dashe kuwa sauƙi yake kawowa, ba cikakkiyar waraka ba. Don haka muna kira ga likitoci su taƙaita yanka, su kuma gaskata koken majinyaci. Shi kuma wanda za a yi wa aiki, ya tambayi abin da za a cire masa kafin ya sa hannu.