Gaskiya ko Jita-jita: Darasin Motsa Jiki Ɓata Lokaci Ne?

A makarantun sakandare da yawa, darasin motsa jiki ne ake fara cinyewa in wani abu ya taso. Malamin lissafi bai gama manhaja ba, a ba shi lokacin. Baƙi za su zo, a raba wa yara tsintsiya da lauje. Iyaye ma ba sa ƙorafi, don sun ɗauka guje-guje ne kawai.

Wannan kam jita-jita ce. WAEC da NECO suna shirya jarrabawar darasin, ana kuma koyon aikin zuciya da huhu da ƙashi da taimakon farko a cikinsa. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello duk suna ba da digiri a fannin. Batun cewa yana rage wa yaro ƙoƙari a aji kuwa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tattara bincike 50 a 2010, aka ga yawanci ko dai makin yara ya ƙaru ko ya tsaya yadda yake. Da ƙyar aka samu inda ya ragu.

Wasu kan ce ai yaranmu suna aiki, me za su yi da tsalle-tsalle? Akwai ƙamshin gaskiya a nan in ana maganar yaron da ke noma da ɗibar ruwa. Amma yaron birni fa? Adaidaita sahu ya kai shi makaranta, ya zauna har azahar, ya koma Islamiyya ya zauna, da dare ya rungumi waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar minti 60 na motsa jiki a kullum, binciken da ta fitar a 2019 kuma ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya ba sa cika wannan.

A wajen 'yan mata adadin ya kai kashi 85, kuma a nan ne jita-jitar ta fi yi mini ciwo. Ana ce musu gudu da tsalle suna taɓa mahaifa, ko kuma mai al'ada dole ta kwanta. Babu ko ɗaya da yake gaskiya. Motsa jiki na makaranta ba ya hana haihuwa, mai sauƙi ma yana rage ciwon mara. A shekarun balaga ne ƙashi ke yin ƙwarin da mace za ta rayu da shi har tsufa. Damuwar iyaye ta gaskiya ita ce sutura da cakuɗuwa da maza, wannan kuwa yana da magani: dogon wando, hijabi, malama mace, fili daban. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha.

Sai mai sikila. Kusan kowace makaranta za ka gan shi a gindin darbejiya, jakunkunan abokai jibge a gabansa, yana kallo. An hana shi ne don tausayi, amma likitoci ba su ce ya daina motsi ba. Daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon akwai galabaita da ƙishirwa, don haka yana iya yin mai sauƙi, ya huta akai-akai, ya tsaya da zarar ya ji ciwo. Ya kuma sha ruwa, shi da sauran yaran, duk da camfin cewa shan ruwa ana cikin wasa yana ƙulle ciki. A zafin watan Afrilu hana yara ruwa haɗari ne babba.

Malamin da ya karanci fannin ya san duk wannan. Wanda aka ɗora wa darasin don kawai yana son ƙwallo shi ne zai sa mai sikila tsallen kwaɗo da tsakar rana.